Littattafai Uku da Suka Zama Fim, Ku Nemo Ku Karanta

Jama'a, kwanan nan na ajiye waya na koma littafi, kuma wallahi ban yi asara ba.

Mai son abu mara nauyi ya fara da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino (1991): Sumayya 'yar masu kuɗi ta nace sai Muhammad talaka.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu (1990). Alhaji Abdu ya kori Rabi da 'ya'ya tara saboda amarya, ita kuwa ta kama sayar da abinci ta riƙe su. Kai, mutumin nan ya ba ni haushi!

Sai Shaihu Umar na Tafawa Ɓalewa (1934), labarin zamanin bauta, wanda Adamu Halilu ya mayar fim a 1976. Hausarsa tsohuwa ce, ku bi shi a hankali.