Matsayin Doka Kan Tarar Ajiye Mota A Filayen Masu Zaman Kansu A Birtaniya

A Birtaniya, akasarin wuraren ajiye motoci na manyan kantuna da asibitoci da rukunin gidaje suna hannun kamfanoni masu zaman kansu. Kamfanonin kan aika wa direba takardar neman kuɗi idan ya wuce lokacin da aka ware masa, ko ya ajiye mota ba tare da izini ba. Doka ta amince su nemi kuɗin, amma ta hana su riƙe motar mutum domin tilasta masa biya.

Takardar da ƙaramar hukuma ko 'yan sanda suka bayar tara ce da doka ta tanada. Ta kamfani kuwa bashi ne da ake bi a ƙarƙashin yarjejeniya. A idon doka, allon sanarwa da aka kafa a bakin filin tayi ne, kuma direban da ya shiga ya ajiye motarsa ya amince da sharuɗɗan da ke jikinsa. Saboda haka idan babu allon, ko rubutunsa ba ya karantuwa, hujjar kamfanin takan yi rauni a gaban kotu.

Kotun Ƙolin Birtaniya ta tabbatar da wannan iko a watan Nuwambar 2015, a shari'ar kamfanin ParkingEye da Barry Beavis. Beavis ya ajiye motarsa a filin wasu kantuna a garin Chelmsford inda ake ba da sa'o'i biyu kyauta, ya ƙara minti 56, sai aka nemi ya biya fam 85. Kotun ta yanke cewa kuɗin bai wuce kima ba, domin kamfanin yana da halastaccen dalili na hana mutane mamaye filin, kuma allunan sanarwar a bayyane suke.

Batun sanya wa tayar mota mari ko janye ta daban ne. Tun 1992 kotu a Scotland ta ɗauki kulle motar mutum domin karɓar kuɗi a matsayin sata da ƙwace. A Ingila da Wales, Dokar Kare 'Yanci ta 2012 ta mayar da kulle mota, ko janye ta, ko tare mata hanya a filin mai zaman kansa babban laifi tun daga 1 ga Oktoban shekarar, sai dai ga hukumomin da wata doka ta ba su wannan iko.

A madadin haka, dokar ta ba kamfanoni damar bin mutumin da aka yi wa motar rajista da sunansa idan ba a san direban ba. Kamfani ba ya samun adireshinsa daga hukumar rajistar motoci ta DVLA sai yana cikin ɗaya daga ƙungiyoyi biyu da aka amince da su, wato BPA ko IPC. Idan kyamara ce ta ɗauki lambar motar, wajibi ne takardar ta isa ga mai motar cikin kwana 14, in ba haka ba alhakin bai hau kansa ba.

Wanda bai gamsu ba zai fara kai ƙorafi ga kamfanin, sannan ya ɗaukaka zuwa POPLA ko IAS, gwargwadon ƙungiyar da kamfanin yake ciki. Ƙa'idar ƙungiyoyin ta kayyade kuɗin a kan fam 100, tare da rangwame ga wanda ya biya cikin kwana 14.

Kamfani ba zai iya tura masu ƙwace kaya gidan kowa ba sai da hukuncin kotu. Amma wanda ya yi watsi da sammaci, kotu ta yanke hukunci a bayan idonsa, kuma bai biya cikin wata guda ba, sunansa zai zauna shekara shida a rajistar masu bashi, abin da kan hana shi samun lamunin banki ko gidan haya.