Dutsen giranit da iskar radon

Giranit, dutsen nan mai tauri da ake fasawa a yi tsakuwar gini, akwai ɗan yuraniyom cikinsa tun asali. Mu nan Gaya marmara ta fi yawa, giranit kuwa sai ka nufi Damagaram, Tera ko Ayar.

Daga yuraniyom ɗin nan iskar radon ke fitowa, ba wari, ba launi. A fili takan baje, ba wata damuwa; ɗakin da ke rufe ruf ne ke tara ta. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce in ban da taba, ba abin da ya kai radon jawo kansar huhu. Shi ya sa muke cewa a riƙa buɗe taga. Masu fasa dutse kuma su ɗaure hanci, su yayyafa ruwa, don ƙurar kanta tana cin huhu.