Sawun Fatake a Dutsen Mambila: Tarihin Hanyar Ƙasa da Gahawar Gembu

Kwanakin baya wani jikana, haifaffen nan Hayin Banki a Kaduna, ya miƙo mini wayarsa in ga hotunan waɗansu samari 'yan yawon buɗe ido, kowanne da jaka goye a baya, suna ratsa korayen tuddai cikin hazo. Ya ce, "Kaka, wace ƙasar Turawa ce wannan?" Da na duba da kyau sai na ga ai hanyar Nguroje zuwa Gembu ce, mahaifar ubansa. Wannan tambaya ta tsaya mini a rai, ita ce kuma dalilin wannan rubutu.

Ya ku 'yan uwa mazauna birane, tafiyar ƙasa da baƙi ke yi yau don nishaɗi ita ce ta kafa garinmu. Tudun Mambila ya kai kimanin mita 1,600 bisa teku, ga kuma Chappal Waddi, dutse mafi tsawo a Nijeriya, mai mita 2,419, a gefensa. Mutanen Mambila ne suka fara zama a kansa suna noma, daga baya Fulani suka hau da shanu. Tun ƙarni na 19 fataken Hausa ke bi ta wannan yanki da Banyo, suna sayo goro a ƙasar Nso da Bamenda su nufi Yola. Ba zamani ne na lumana zalla ba, domin hare-haren neman bayi daga Banyo sun tarwatsa ƙauyuka da dama. Amma inda ayari ya saba ya da zango, can kasuwa kan tsiro.

Kaya kuwa a ka ake hawa da su. Wanda ya taso daga Serti ya bi ta Mayo Selbe zuwa Maisamari ya san hawan nan da ake kira Biyu da Sisi. Magabata sun ce ladan ɗan dako ke nan in ya kai kaya bisa: sule biyu da sisi.

Jamusawa suka sa ƙasar cikin Kamaru, Ingilishi suka karɓe ta bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. A ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairun 1961 iyayenmu suka zaɓi Nijeriya, ranar 1 ga Yuni na shekarar aka haɗe, aka kira yankin Lardin Sardauna. Muka shiga Jihar Gongola a 1976, sannan Taraba a 1991, Gembu na hedkwatar Ƙaramar Hukumar Sardauna.

Gahawa, wato kofi, irin Arabika ce ke yi a wurinmu, domin ita sai tudu mai sanyi da ruwan sama wadatacce, kamar tsaunukan Habasha inda asalinta yake. Itace ne mai son haƙuri. Sai ya shekara uku ko huɗu kafin ya yi 'ya'ya, galibi a inuwar ayaba. In suka nuna suka yi jawur, a tsince da hannu ɗaya bayan ɗaya, a ɓare, a jiƙa, a wanke, a shanya har ƙwayar ta bushe ƙayau.

Ina ɗalibi a kwalejin horon malamai, na yi wani hutu ina zaga ƙauyuka a ƙasa, da 'yar jakata da bargo da lema. Kowane gida na sauka sai na tarar da gahawa shanye a tabarma. Wani dattijo da ya ba ni masauki ya nuna mini rufin kwanonsa, ya ce, "Malam ƙarami, ka ga wannan? Itatuwan bayan gida ne suka yi shi, su ne kuma ke biya wa ƙannenka kuɗin makaranta." Kwano nawa aka rufa, yara nawa aka karantar da wannan itace!

To, me ya karya ta? A 1986 gwamnatin tarayya ta rushe hukumomin sayen amfanin gona, har da ta koko wadda gahawa ke ƙarƙashinta, manomi ya rasa tsayayyen mai saye. A 1989 kuma tsarin ƙayyade fitar da gahawa na duniya ya wargaje, farashi ya faɗi warwas. Da yawa suka sare itatuwan suka koma masara da dankali, waɗanda suka rage kuma suka tsufa. Shayin Kakara ne ya riƙe sunan Mambila a kasuwa.

Duk da haka ƙasar ba ta canza ba, sanyin ma yana nan, ga kuma reshen cibiyar binciken koko ta ƙasa a Kusuku, mai aiki kan gahawa da shayi. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mai dasa sabon itace da mai jiran shekara huɗu.

Roƙona gare ku guda biyu ne. Wanda ya gaji tsohuwar gona, ya sabunta dashenta kafin ta koma kurmi. Sannan in hutu ya zo, ku kai yaranku gida, ku sauke su daga mota, su taka hanyar da kakanninsu suka taka, su zauna da dattawan da suka rage su ji labari daga bakinsu. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ni dai na yi wa jikana alkawarin tafiya bana, na kuma gaya masa ya tanadi bargo.

Allah ya raya mana zuriya, ya albarkaci ƙasarmu.