Sun Guji Dukiya, Dukiya Ta Biyo Su

Ƴan uwa ɗalibai, a shekarar 1098 wani malamin Katolika mai suna Robert ya fice daga gidan ƴan zuhudu na Molesme, a Faransa, shi da mutum wajen 20. Kukansu ɗaya: dukiya ta yi yawa, ibada ta yi sanyi. Suka yada zango a Cîteaux, wata fadama kusa da Dijon. Nan ɗariƙar Sistarsiyan ta samo asali.

Ba aure, ba surutu, ba cin nama sai ga marar lafiya. Tsakar dare su tashi addu'a, da rana su kama hauya. Rigarsu ma ta gashin tumaki ce, ko rini babu.

To amma fa gumi ba ya faɗuwa banza. Lokacin da shahararren malaminsu Bernard na Clairvaux ya rasu a 1153, gidajensu sun haura 300. A Ingila garkunansu suka bunƙasa, har fatake daga Italiya ke zuwa sayen gashin tumaki. Noma kuwa ya koma hannun ƙananan mabiya marasa karatu. Abin da suka guda ya iske su har ɗaka.

Shin in guminka ne ya kawo arziki, yaya za ka tsare zuciyarka?