Rabi'u Ali Pele: Shin Akwai Wanda Ya Fi Shi A Tarihin Ƙwallon Arewa?

Duk wanda yake zama a majalisar matasa a nan yankinmu, daga Kuki zuwa cikin garin Dutsin-Ma har Kurfi, ya san gardamar ƙwallo ba ta da ranar ƙarewa. Yawanci kan Messi da Ronaldo ake yin ta, a teburin mai shayi ko a bakin gidan kallo bayan an tashi wasa. Amma akwai wata gardamar da ta fi wannan kusa da mu, wadda ba a cika ba ta haƙƙinta ba: a cikin 'yan ƙwallon da Arewa ta haifa, wa ya fi kowa? Da zarar an jefa wannan tambaya, sunaye biyu ne ke fara fitowa, Ahmed Musa da Rabi'u Ali wanda ake kira Pele. Ni Bakatsine ne, Katsina United nake goyon baya, kuma kowa ya san irin hamayyar da ke tsakaninmu da Kano Pillars a fili. Duk da haka yau kan kyaftin ɗin Pillars zan yi magana, domin mutumin ya cancanci a tsaya a duba tarihinsa da idon adalci.

Sai mun fara da gidan da ya rene shi. Kafin a san Pillars, Kano ta riga ta ɗanɗani kofi, domin Raccah Rovers ta lashe gasar ƙasa a 1978. A 1990 aka haɗe ƙungiyoyi uku, WRECA da Kano Golden Stars da Bank of the North, aka samar da Kano Pillars, wadda magoya bayanta ke yi wa kirari da Sai Masu Gida. Shekara 18 ta yi tana nema kafin ta ɗauki kofin Firimiyar Najeriya na farko a 2008, a hannun koci Kadiri Ikhana. Shekarar da ta biyo baya ta girgiza Afirka: ta fitar da Al Ahly ta Masar, mai riƙe da kofin zakarun nahiyar a lokacin, bayan canjaras gida da waje, ta kai har wasan kusa da na ƙarshe kafin Heartland ta Owerri ta tsayar da ita.

A wannan gida ne Rabi'u Ali, ɗan Kano da aka haifa ranar 27 ga Satumba 1980, ya zama abin da ya zama. Ɗan wasan tsakiya ne mai kai hari, wato mutumin da ƙwallo ke bi ta ƙafarsa kafin ta isa gaba. Ba gudu ne makaminsa ba. Abin da Allah Ya ba shi shi ne ido da natsuwa. Kafin ƙwallo ta iso gare shi ya riga ya san inda zai aika ta, kuma idan aka sami bugun tazara a bakin da'ira ko fenareti, 'yan kallo a filin Sani Abacha na Ƙofar Mata ba sa tambayar wa zai buga. Irin wannan ɗan wasa shi ne ƙwaƙwalwar ƙungiya. Idan ya yi sanyi, kowa ya yi sanyi.

Da shi Pillars ta yi abin da har gobe ake tunawa, ta lashe gasar sau uku a jere, 2012 da 2013 a hannun Mohammed Baba Ganaru, sai 2014 a hannun Okey Emordi. A zamanin nan zuwa Kano wasa tamkar zuwa karɓar hukunci ne. Tun daga 2003 ba a doke Pillars a gida a gasar ba sai a watan Agusta 2015, da Nasarawa United ta ci ta 2-1 ta kawo ƙarshen shekara 12 na rashin ɗanɗana kaye a gida. Ita ma wannan shekarar ta 2015 ta zo musu da jarrabawa tun farkonta, domin a watan Maris 'yan fashi suka buɗe wa motar 'yan wasan wuta a hanyar Abuja zuwa Lokoja suna kan hanyar Owerri, aka raunata mutum 5, ciki har da Gambo Mohammed. Duk wanda yake auna ɗan wasan gida da na Turai, ya riƙa sa wannan a ma'auni. Mutanen nan a mota suke ratsa ƙasar nan daga Kano zuwa Fatakwal, su sauka da gajiya, su buga a filin da wani lokaci ciyawarsa ba ta kai a kira ta ciyawa ba, albashi kuma ya zo ko ya makara.

Masu cewa a Kano kawai ya iya, sun manta da gasar CHAN, wadda ake yi don 'yan wasan da ke buga ƙwallo a ƙasashensu. A 2014 marigayi Stephen Keshi ya tafi da shi Afirka ta Kudu. Ya ci Mozambik ƙwallo 2 a wasan rukuni. Sai wasan da ba zan taɓa mantawa da shi ba, na kusa da kusa da ƙarshe da Maroko a birnin Cape Town. Aka tafi hutun rabin lokaci Maroko na da 3, Najeriya ba ta da ko ɗaya. Mutane da yawa sun kashe talabijin sun kama gabansu. Da aka dawo, Ugonna Uzochukwu ya farke ɗaya, Rabi'u Ali ya ƙara ta biyu, Ejike Uzoenyi ya rama ta uku dab da tashi, aka shiga ƙarin lokaci Najeriya ta yi nasara 4-3. Ƙwallon Rabi'u ce ta sa Marokawa suka fara rawar jiki, domin 3-1 ana iya cewa tsautsayi ne, amma 3-2 wasa ya dawo sabo. Najeriya ta ƙare ta uku a gasar. A 2018 kuma, yana da shekara 37, Salisu Yusuf ya sake tafiya da shi CHAN a Maroko, ya ci Equatorial Guinea da fenareti, tawagar ta kai wasan ƙarshe, inda masu masaukin baƙi suka rama abin da aka yi musu da ci 4-0.

A nan ne ɓangaren Ahmed Musa ke miƙewa, kuma hujjarsu mai nauyi ce. Yaron da aka haifa a Jos a 1992 ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009/2010 da rigar Pillars, ya karya tarihin ƙwallo 17 da Ishaya Jatau ya kafa tun 1990. Daga nan ya wuce VVV Venlo ta Holan, ya tafi CSKA Moscow ya ci kofunan Rasha, Leicester City ta saye shi a 2016, ya buga wa Al Nassr ta Saudiyya. Yana cikin waɗanda suka ɗauko kofin Afirka a 2013. Ya ci Ajantina ƙwallo 2 a gasar cin kofin duniya ta 2014, ya ci Iceland 2 a ta 2018. Ya buga wa Super Eagles wasa fiye da 100, ya wuce Vincent Enyeama da Joseph Yobo. Babu mai hankalin da zai ce Rabi'u ya taka wannan matsayi. Bai taɓa zuwa gasar cin kofin duniya ba, bai buga babbar gasar ƙasashen Afirka ba. Kuma kafin Ahmed Musa ma akwai 'yan Kaduna irin su Tijjani Babangida na Ajax da Garba Lawal da Daniel Amokachi, waɗanda suka rataya zinariyar Olamfik ta Atlanta a 1996. Ga Sani Kaita da azurfar Beijing ta 2008, ga Shehu Abdullahi na Sakkwato da tagullar Rio ta 2016.

To amma ku lura da abu ɗaya game da duk waɗannan sunaye. Sunan kowannensu ya yi girma ne bayan ya bar gida. Mun gan su ne ta akwatin talabijin, a filayen da mafi yawanmu ba za mu taɓa takawa ba. Shi kuwa Rabi'u, ɗan Dutsin-Ma na iya shiga motar haya ya je filin Muhammadu Dikko a Katsina ya gan shi ido da ido ranar da Pillars ta zo, ya ga yadda yake karɓar ƙwallo da yadda yake tsawata wa yaran da ke gefensa. Ahmed Musa ya dawo Pillars a 2021, ya sake tafiya Turkiyya, ya kuma dawowa a 2024. Duk dawowar da ya yi, a nan ya tarar da Rabi'u, da riga ɗaya, yana jan ragamar ƙungiyar. Mutumin da ya girme shi da shekara 12.

Kada kuma a ɗauka na zo wanke shi ne tas. Akwai abubuwa biyu da ke rage masa maki, kuma dole a faɗe su. Na farko, duk kofunan nan uku a jere ba su haifar da komai a Afirka ba. AC Léopards ta Kongo ta fitar da Pillars da wuri a 2013, AS Vita ta yi haka a 2014, Moghreb Tétouan ta Maroko a 2015. Jagoran ƙungiya yana da kaso a nasara, yana da kaso a faɗuwa. Enyimba ta Aba ta ɗauko kofin zakarun Afirka sau biyu, 2003 da 2004, don haka ba za a ce abin ya gagari ƙungiyar Najeriya ba. Na biyu, abin da ya faru a filin Agege na Legas a watan Yuni 2019, lokacin wasannin ƙungiyoyi shida na fitar da zakara. Bayan Rangers ta Inugu ta farke wa Pillars da fenareti dab da tashi aka yi 1-1, ya tunkari alƙalin wasa cikin fushi, 'yan kallo suka kutsa fili, aka dakatar da shi wasa 12, aka ci tarar ƙungiyar naira miliyan 8. Kyaftin mai shekarunsa ya kamata ya zama mai kashe wuta a irin wannan rana. Wannan tabo ne, kuma masoyansa su daina musun sa.

Sai dai tarihin mutum ba ya tsayawa a rana ɗaya. A 2018 a Asaba, Pillars na gaban Rangers da ci 3-0 a wasan ƙarshe na kofin Aiteo, wato kofin ƙalubale, shi ne ma ya buɗe cin, amma Rangers ta farke duka ta kuma ɗauke kofin a bugun fenareti. Irin wannan kaye yana karya ƙungiya na shekaru. Shekara ɗaya tak bayan haka suka koma wasan ƙarshe a filin Ahmadu Bello na Kaduna, suka doke Niger Tornadoes 4-3 a fenareti, suka ɗauki kofin ƙalubale karo na farko a tarihin ƙungiyar.

Abin da ya fi ɗaure ni da shi kuwa ya faru ne a 2022. A kakar nan Pillars ta faɗa rukuni na biyu, tare da tamu Katsina United da Heartland da MFM. Mu da muka ɗanɗani wannan ɗacin mun san yadda ƙungiya ke watsewa idan ta faɗi, kowane ɗan wasa mai suna yana neman inda zai sa kansa. Rabi'u yana da shekara 41 a lokacin, ya ci duk abin da ake ci a gida, da ya rataye takalmansa babu mai zarginsa. Ya zauna. Ya bi ƙungiyar zuwa ƙananan filaye, ya buga da yaran da wasunsu ba a haife su ba lokacin da ya fara ƙwallo, har suka dawo Firimiya a 2023, shekarar da mu ma muka dawo. A kakar 2024/2025, yana da shekara 44, yana nan yana zura ƙwallo a raga a babbar gasar ƙasar nan.

Wasu za su ce daɗewa ba ƙwarewa ba ce. Gaskiya ne, idan daɗewar ce kaɗai. A Amurka, inda suke da irin tasu ƙwallon ta hannu da ake sa hular kwano, an daɗe ana gardama kan Tom Brady, wanda ya yi ritaya a 2023 yana da shekara 45. Abin da ya rufe bakin masu musu ba shekarunsa ba ne, kofin Super Bowl 7 da ya ci ne, na ƙarshen yana da shekara 43. Roger Milla na Kamaru ma ana tuna shi ne don ya ci ƙwallo a gasar duniya ta 1994 yana da shekara 42, ba don ya je ya zauna a benci ba. Ma'aunin kenan: tsufan da ke tafe da aiki. A kan wannan ma'auni Rabi'u ya tsallake, domin babu kocin da ke sa shi don tausayi ko don girmama furfura.

Ban yarda da masu kai shi har su ce ya fi kowa a tarihin gasar Najeriya baki ɗaya ba. Segun Odegbami ya yi rayuwar ƙwallonsa a Shooting Stars ta Ibadan, Christian Chukwu a Rangers ta Inugu. Ƙungiyoyinsu sun ci kofin Afirka na masu riƙe da kofin ƙalubale a 1976 da 1977, su biyun kuma suka ɗauko wa Najeriya kofin Afirka na farko a 1980 suna 'yan wasan gida. Waɗannan suna gabansa, kuma faɗin haka bai rage shi da komai ba.

Abin da ke damuna shi ne yadda muke barin irin wannan tarihi yana zubewa. Shago ya yi zamaninsa a dambe, amma da Ɗan Anace bai waƙe shi ba, da yaran yau ba su san sunansa ba. Yaro a Kuki zai lissafa maka ƙwallayen Haaland na bana ɗaya bayan ɗaya, amma ka tambaye shi wa ya ci wa Najeriya ta biyu a ragar Maroko a 2014, sai ya yi shiru. Laifin ba nasa ba ne, namu ne da muka gani da idonmu ba mu rubuta ba.

Hukuncina a wannan gardama shi ne: idan ana maganar wanda ya kai sunan Arewa duniya, Ahmed Musa ne, babu ja. Idan kuwa ana maganar wanda ya fi kowa a cikin waɗanda suka tsaya suka buga ƙwallonsu a gida, a gaban mutanensu, tun daga kafuwar Pillars a 1990 zuwa yau, ban ga na biyun Rabi'u Ali Pele a faɗin Arewa ba. Wanda yake da wani suna, ya kawo shi tare da kofunansa da shekarunsa, mu auna.