Tsohuwar Bindiga da Sabuwa: Tarihin Wata Gardama a Rundunar Sojan Amurka

A watan Afrilu na shekarar 2022 rundunar sojan ƙasa ta Amurka ta ba kamfanin SIG Sauer kwangilar ƙera sabuwar bindiga wadda za ta gaji M4 a hannun dakarun da ke shiga fagen daga. Ita M4 ƙanwa ce ga M16, bindigar da sojan ƙasar ya fara saɓawa tun farkon shekarun 1960. Ke nan gida ɗaya na bindiga ya shafe kusan shekara sittin yana bautar rundunar. Tun ranar da aka yi wannan sanarwa manyan hafsoshi da ƙananan sojoji suke ja-in-ja a kan ko lokacin sauyi ya yi. Ɗalibin da ke son ya fahimci gardamar sai ya waiwayi baya, domin da na gaba ake gane zurfin ruwa.

Da farko ya kamata mu san cewa harsashi ake fara zaɓa, sannan a ƙera masa bindiga. Harsashi babba yana cin nisa, yana huda abu mai kauri, amma yana da nauyi, kuma bindigarsa takan tokari kafaɗar mai harbi har saiti ya kauce. Harsashi ƙarami ba ya cin nisa kamar wancan, sai dai soja yana iya ɗaukarsa da yawa, ya kuma yi ta harbi a jere ba tare da bakin bindiga ya tashi sama ba. Duk rigingimun da za mu ambata a kan wannan ma'auni suka ginu.

A shekarar 1932 wani kwamitin soja ya ba da shawarar a karɓi bindigar da John Garand ya ƙera, mai cin harsashi matsakaici wanda kaurinsa ya kai kimanin milimita 7. Shugaban hafsoshin sojan ƙasa na lokacin, Janar Douglas MacArthur, ya ƙi. Hujjarsa ita ce rumbunan gwamnati cike suke da tsohon harsashi mai milimita 7.62, ga shi kuma ƙasar tana fama da karyewar tattalin arziki. Sai aka koma ga samfurin Garand mai cin tsohon harsashin, aka karɓe shi a 1936 da sunan M1. Da ita Amurka ta yi Yaƙin Duniya na Biyu da Yaƙin Koriya.

Yaƙin Duniya na Biyu ya nuna cewa mafi yawan musayar wuta tsakanin sojan ƙasa ba ta wuce tazarar mita 300. Jamusawa sun gane haka, suka fito da StG 44 mai gajeren harsashi, Tarayyar Sobiyet kuma ta biyo baya da AK-47. Birtaniya ma ta ƙera nata harsashi mai milimita 7 da bindigar EM-2, har ta amince da ita a 1951. Amma hafsoshin Amurka suka kafe a kan harsashi mai cikakken ƙarfi, kuma da yake su ne masu faɗa a ji, ƙungiyar tsaro ta NATO ta karɓi nasu mai milimita 7.62 a 1954. A kansa aka gina M14, wadda aka amince da ita a 1957. Tsawonta ya zarce mita ɗaya, tana da nauyi, kuma idan aka sake ta tana aman wuta a jere ba kowane soja ke iya riƙe ta ba. A 1963 Sakataren Tsaro Robert McNamara ya ba da umurnin a daina ƙera ta.

Wadda ta gaje ta ita ce bindigar da Eugene Stoner ya tsara a kamfanin ArmaLite, wanda ya sayar wa Colt haƙƙin ƙera ta a 1959. An yi ta da alminiyam da roba, tana cin ƙaramin harsashi mai milimita 5.56. Soja ya sa mata suna M16, aka yi ta tura ta Biyetnam cikin gaggawa. A nan ne sauri ya haifi nawa. An sauya albarushin da aka gwada ta da shi, aka sa wani mai yawan barin dauɗa, wanda kuma yake sa ta harbi da saurin da ya wuce ƙa'ida. Ba a shafe mazaunin harsashi da ƙarfen da ke hana tsatsa ba, alhali ƙasar mai damshi ce. Aka raba ta ba tare da isassun kayan sharewa ba, har magana ta bazu cewa ba ta bukatar shara. Sai kwanso ya riƙa maƙalewa bayan harbi, dole soja ya zura tsinken ƙarfe ta baki ya turo shi, tamkar mai ɗura bindigar toka, alhali abokan gaba suna yi masa ruwan wuta. A gumurzun tsaunukan Khe Sanh a 1967 an tarar da gawarwakin dakaru kusa da bindigoginsu da suka cije. Majalisar Wakilai ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Richard Ichord, wanda rahotonsa na watan Oktoba na shekarar ya ɗora wa hukumomin soja laifin sakaci.

Da aka gyara waɗannan kurakurai sai bindigar ta zauna da gindinta. NATO ta karɓi harsashi mai milimita 5.56 a 1980, a 1994 kuma aka fito da gajeruwarta, wato M4. An sha yunƙurin maye gurbinta: an soke shirin XM8 a 2005, an kuma rufe wata gasar a 2013 ba tare da gwani ba. Masu neman gadonta ba su fi ta da ratar da za ta biya kuɗin sauyi ba.

Abu biyu suka farfaɗo da maganar. Na farko, a tsaunukan Afganistan mayaƙan Taliban sukan yi harbi daga nesa da manyan bindigogi irin su PKM, inda ƙaramin harsashi yake isa da ƙarfinsa ya ragu. Na biyu, rigunan sulke na zamani sun yawaita, har Janar Mark Milley ya shaida wa Majalisar Dattawa a 2017 cewa harsashin da ke hannu ba ya huda wasunsu. Shi ya sa aka zaɓi mai milimita 6.8. A watan Maris na 2024 aka fara raba sabuwar bindigar ga wata bataliya ta Runduna ta 101, a 2025 kuma aka tabbatar mata da sunan M7. Mai karatu zai lura cewa bayan shekara 90 an komo dab da girman harsashin da MacArthur ya ƙi, wanda aka sake hana Birtaniya daga baya.

Masu suka ma suna da hujja. M4 ba ta wuce kimanin kilo 3 ba, M7 kuwa ta kai kilo 3.8, idan aka ɗaura mata na'urar rage ƙara ta doshi kilo 4.5. Gidan harsashinta 20 yake ci maimakon 30, don haka guzurin soja ya sauko daga harsashi 210 zuwa 140. Ƙawayen Amurka a NATO ba sa amfani da sabon harsashin, saboda haka ba aron juna a fagen fama. Wasu kuma suna nuni da yaƙin Yukren, inda igwa da jirage marasa matuƙa suka fi bindigar hannu kisa nesa ba kusa ba.

To, ina gaskiya take? Tarihin nan ya nuna hanyoyi biyu na yin kuskure. M14 ta faɗi ne saboda an fifita nisa da ƙarfi a kan nauyi da yawan harsashi, kuma wannan zargi ne ake yi wa M7 a yau. M16 kuwa bindiga ce mai kyau da gaggawa ta kusa kashewa, bayan ta jawo asarar rayuka. A ganinmu, matsalar sulke ta isa dalilin neman sabon harsashi, amma ba ta isa dalilin ajiye M4 gaba ɗaya ba. Rundunar da kanta ta keɓe M7 ga dakarun da ke gaba da gaba da maƙiyi, sauran sojoji kuma suna nan da tsohuwarsu, kuma wannan shi ya fi kusa da hikima. Abin da ya rage shi ne a saurari ƙorafin ƙananan sojojin da ke saɓe da ita a rana da ruwan sama, a gyara tun ana filin atisaye, kada a jira sai wani kwamiti ya zauna kamar yadda aka yi a 1967.