Daga Tangaraho Zuwa Intanet: Tarihin Shirin Sadarwa a Nijeriya

Tarihin sadarwar zamani a Nijeriya ya faro ne daga shekarar 1886, sa'ad da aka haɗa Ikko da birnin London da wayar tangaraho ta ƙarƙashin teku. An jawo wannan waya ne domin hukumar Turawa ta riƙa samun umarni daga gida cikin hanzari, kuma tarho da ya biyo bayanta ofisoshin gwamnati da na manyan kamfanoni ya fi bi. Saboda haka, lokacin da aka sami mulkin kai a 1960, layukan tarho na ƙasar baki ɗaya ba su kai dubu 19 ba, alhali kuwa jama'arta sun haura miliyan 40.

Daga 1962 zuwa 1985 an tsara shirye-shiryen raya ƙasa har guda huɗu, kowanne kuma ya ware wa sadarwa kasonta, musamman na uku, wanda aka soma a 1975 lokacin da kuɗin man fetur ke kwarara. Amma duk a kan aƙida ɗaya suka tsaya, watau gwamnati ce za ta sayo kayan aiki, ta kafa, ta sayar wa jama'a, sa'an nan kuma ta sa wa kanta ido. A 1985 aka haɗe sashen waya na gidan waya da kamfanin sadarwar ƙasashen waje, aka haifi NITEL. Mai neman layi yakan cika takarda ya zauna jira shekara da shekaru, in ba shi da uwa a gindin murhu. Zuwa 2001, layukan da ke aiki kimanin dubu 400 ne ga mutane kusan miliyan 120, watau layi ɗaya ga mutum 300.

Tun a 1992 gwamnatin soja ta kafa Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, da doka mai lamba 75, sai dai hukumar ba ta sami sararin motsi sosai ba sai bayan dawowar mulkin farar hula a 1999. A shekarar 2000 aka fitar da sabuwar manufar sadarwa, aka kuma naɗa Injiniya Ernest Ndukwe ya shugabanci hukumar. A watan Janairu na 2001 aka yi gwanjon lasisin wayar salula a Abuja, a bainar jama'a, farashi ya tsaya a kan dala miliyan 285 kowane lasisi. Kamfanoni uku ne suka ci, MTN da Econet da CIL. Da na ukun ya kasa cika sharuɗɗan biya a kan lokaci, sai ya rasa lasisin. Wannan hukunci ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ya nuna wa masu zuba jari cewa ƙa'idar da aka rubuta ita za a bi, abin da ba su saba gani ba a zamanin raba kwangila a bayan labule. A watan Agusta na shekarar aka fara kira. Da farko minti ɗaya naira 50 ne, ko da daƙiƙa biyar mutum ya yi, har Globacom ya shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa, sauran suka bi sahu ala tilas. A 2012 layukan da ke aiki suka haye miliyan 100. Shi kuwa NITEL, an yi ta tallarsa tun 2001 ciniki yana warwarewa, sai a 2015 aka miƙa abin da ya rage na kadarorinsa ga wani kamfani.

A cikin shekarar nan ta 2001 ne kuma gwamnati ta amince da manufar ƙasa kan fasahar kwamfuta, ta kafa hukumar NITDA domin aiwatar da ita. Amma dokar da za ta ba hukumar ƙafar tsayawa ba ta fito ba sai 2007. A 2010 manyan wayoyin teku biyu, Main One da Glo-1, suka fara aiki a gaɓar Ikko, ɗauke da ƙarfin intanet da ya ninka buƙatar wancan lokaci. Matsalar ta koma yadda za a jawo shi daga bakin teku zuwa cikin ƙasa. Shirin intanet mai sauri na 2013, a zamanin minista Omobola Johnson, ya sa burin kai wa kashi 30 cikin ɗari na jama'a kafin ƙarshen 2018, kuma bisa ƙididdigar NCC an cim ma wannan, ko da yake akasari ta wayar hannu ne. A 2019, ƙarƙashin Isa Ali Pantami, aka ƙara wa ma'aikatar suna ta ƙunshi tattalin arzikin fasahar zamani, aka fitar da tsari na shekara goma, sa'an nan sabon shiri ya ɗaga buri zuwa kashi 70 kafin ƙarshen 2025. Wa'adin ya cika ana wajen kashi 50.

Dalilin wannan giɓi ya shafi ma'aikacin gwamnati kai tsaye. Gwanjon 2001 aiki ne na hukuma guda mai doka a hannunta, kuma abin da ta sayar, watau zangon iska, mallakar Gwamnatin Tarayya ne. Shimfiɗa wayar gilashi kuwa ƙasa ake tonawa, ƙasa kuma, tun dokar mallakar filaye ta 1978, a hannun gwamnoni take. A 2013 majalisar tattalin arziki ta ƙasa, wadda gwamnonin ke cikinta, ta amince a riƙa karɓar naira 145 a kan kowace mita da aka tona. Jihohi da yawa suka yi kunnen uwar shegu, don sun ɗauki kuɗin a matsayin hanyar samun haraji. Jihar Ekiti, alal misali, naira 4,500 take karɓa har 2020, sa'ad da ta sauko zuwa 145. A shekarar ne kuma Kaduna ta yafe kuɗin ɗungurungum. Lissafin ba shi da wuya. Tsakanin Ikko da Kano tafiyar kimanin kilomita 1,000 ce: a farashin da aka amince, izinin tono zai ci naira miliyan 145, a ɗaya farashin kuwa naira biliyan huɗu da rabi, tun ba a sayi waya ko taku ɗaya ba. Kamfanin da ya ga haka, sai ya tsaya a biranen da zai mayar da kuɗinsa.

Ga kuma wutar lantarki, wadda ba ta ƙarƙashin ma'aikatar da ta rubuta shirin, ga shi kuwa rashinta ya sa turakun sadarwa dogaro da janareta da man dizal. A Arewa an sami ƙarin nauyin tsaro. A 2012 'yan Boko Haram sun ƙona turaku da dama a arewa maso gabas, a 2013 aka katse layuka a Barno da Yobe da Adamawa lokacin dokar ta-ɓaci, a watan Satumba na 2021 kuma hukuma ta rufe sadarwa a jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, a daidai lokacin da shirin kashi 70 ke cikin shekararsa ta biyu.